Garage rock daga 1963 zuwa yau: 'yan baya sun gada ne ko kwaikwayo suke yi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, musamman ga Baba Mai Garmaho da Injiniya. Ana kiran kiɗan Sonics na 1965 garage rock. Ana kiran na White Stripes na 2003 garage rock. Yaran Ostireliya da ke tashe yanzu, irin su Amyl and the Sniffers, su ma wasu na saka su a wannan layi. Tsakanin na farko da na ƙarshe an haura shekara hamsin. To me ya haɗa su? Ni dai a kunnena 'yan baya sun fi iya kiɗa, sautinsu ya fi fita tas. Ko akwai abin da ban ji ba?

Baba Mai Garmaho: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan fita tas ɗin da kake yabo ita ce abin da ya raba su da na asali. Bari in fara maka daga tushe.

A watan Fabrairun 1964 Beatles suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum wajen miliyan 73 suka kalla. Bayan wannan dare yaran sakandare a kowane lungu na ƙasar suka matsa wa iyayensu a saya musu jita da ganguna. Ba su da wurin gwaji sai garejin motar gida ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ba su da malami. Su saurari faifan Rolling Stones ko Kinks ko Yardbirds, su yi ƙoƙarin fitar da abin da suka ji, ya fito musu a karkace, da ƙarfi, da gaggawa. Suna kaɗawa a rawar makaranta da zauren unguwa. In sun tara 'yan daloli su je ƙaramin situdiyo a garinsu a buga musu faifai 'yan ɗaruruwa, su kai gidan rediyon garin da hannunsu. Yawancinsu faifai ɗaya suka yi duk rayuwarsu. Daga 1967 zuwa 1968 abin ya lafa: wasu sun tafi jami'a, wasu an ɗebe su aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, kasuwa kuma ta koma ga manyan kundaye masu dogayen waƙoƙi.

Waɗancan yara ba su zaɓi ƙazamin sauti ba, iyakar abin da hannunsu ya kai ke nan. Na yanzu kuwa suna da komai, sai su biya kuɗi a ɓata musu sautin. Bambancin wanda wandonsa ya yage a wurin aiki ne da wanda ya sayi yagaggen wando sabo a kanti.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Ba gaskiya ba ne cewa duk rashi ne ya jawo sautin nan. Da gangan suka neme shi tun farko. Link Wray a 1958, da zai naɗi "Rumble", fensir ya sa ya huda lasifikar ampilifayarsa don jitar ta yi gurnani. Dave Davies na Kinks reza ya sa ya tsaga tasa, daga nan aka sami sautin "You Really Got Me" a 1964. Kamfanin Gibson ma tun 1962 yake sayar da ɗan akwatin nan na takawa da ƙafa, Maestro Fuzz-Tone, wanda ba shi da wani aiki sai ya dagula sautin jita. Bai yi kasuwa ba sai da Keith Richards na Rolling Stones ya taka shi a "Satisfaction" a 1965, nan da nan yara suka yi masa rubdugu. Wanda ya ɗauki reza ya yanka kayansa da hannunsa ya san abin da yake nema.

Baba Mai Garmaho: Na yarda da batun reza da fensir. Amma ka saurari "Louie Louie" ta Kingsmen ka gaya mini wa ya tsara wannan.

Ɗan Fagge: Me ya faru a cikinta Baba?

Baba Mai Garmaho: A garin Portland aka naɗe ta a 1963, kuɗin aikin duka wajen dala 50. An rataye makirufo can sama, mawaƙin, Jack Ely, sai da ya ɗaga kai ya miƙa wuya yana ihu kafin muryarsa ta ratsa ƙarar ganguna. Ga shi da ƙarfen gyaran haƙori a baki. Ka sa kunne bayan jita ta gama nata: za ka ji ya shigo baiti kafin lokaci, ya ankara, ya yi shiru, mai ganga ya cike gurbin da sauri, sannan ya sake shigowa. Ba a goge ba. Haka aka buga faifan, haka ya kai na biyu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Saboda ba a jin kalmominsa sai jita-jita ta bazu cewa batsa yake yi, har gwamnan jihar Indiana ya nemi gidajen rediyo su daina sawa, hukumar FBI ta shafe sama da shekara tana bincike tana juya faifan a sauri da a hankali, ƙarshe ta ce ba ta iya gane abin da yake faɗa. Wannan kuskuren shigowa da wuri shi ne ran waƙar, kuma babu wanda zai iya sake yin sa da niyya ya yi daɗi haka.

Malamin Tarihi: Kafin a wuce "Louie Louie", a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ba Kingsmen suka rubuta ta ba. Richard Berry ne, baƙar fata daga Los Angeles, ya fitar da ita a 1957, ya sayar da haƙƙinta tare da wasu waƙoƙinsa a kan dala 750. Sai a shekarun 1980 ya samu ya karɓo rabonsa. Ina kawo wannan ne don in ana labarin kiɗan nan sai a fara daga Beatles, kamar babu komai kafin su. Alhali yaran garin Tacoma a Amurka, Wailers da Sonics, tun kafin Turawan Ingila su tsallako suna kaɗa waƙoƙin baƙaƙen fata a wuraren rawa. Ihun da Gerry Roslie na Sonics yake ƙwalawa a "Psycho" da "The Witch" wurin Little Richard ya koyo shi, kuma kundinsu na farko cike yake da waƙoƙin su Little Richard da Chuck Berry da shi Richard Berry ɗin. Su kansu Rolling Stones da Yardbirds ɗin da ake kwaikwaya, Bo Diddley da Muddy Waters suke kwaikwayo. To Baba, in kwaikwayo ne laifin 'yan baya, na farkon ma ba su tsira ba.

'Yar Damagaram: Malam ya faɗi abin da ke bakina. Kuma ba Turawa zalla ba ne ma a cikin na farkon. "96 Tears" da ta hau na ɗaya a Amurka a 1966, yaran da suka yi ta, Question Mark and the Mysterians, 'ya'yan 'yan asalin Meziko ne da suka je Michigan aikin gona da masana'anta. Mai ogan ɗin yaro ne ɗan shekara goma sha wani abu, kuma 'yan maɓallan da yake maimaitawa su ne ƙashin bayan waƙar gaba ɗaya.

Ɗan Zango: Ku ƙara da Los Saicos na birnin Lima a Peru, "Demolición", 1965. Da Sifaniyanci, da wata murya kamar maƙogwaro zai tsage. Duk wanda ya ce abin na Amurka ne kaɗai ya nemo ta ya ji.

Ɗan Fagge: To su a lokacin sun san sunan kiɗansu garage rock?

Malamin Tarihi: A'a, su a ganinsu rock and roll kawai suke yi. Daga baya aka tattara su aka yi musu gida ɗaya, kuma wannan yana da muhimmanci ga gardamar Baba da Injiniya. A 1972 kamfanin Elektra ya fitar da Nuggets, faifai biyu, waƙoƙi 27, wanda Lenny Kaye ya zaɓo, shi ne daga baya ya zama mai jitar mawaƙiya Patti Smith. Ya ɗebo Seeds, Standells, Count Five, Shadows of Knight, 13th Floor Elevators da sauransu, waƙoƙin da aka riga aka manta da su ko da yake ba su fi shekara huɗu zuwa takwas da fita ba. A bayanin da ya rubuta a jikin kwalin ya kira salon punk rock, tun kafin Ramones, fitattun masu kiɗan punk, su fitar da kundinsu na farko a 1976. Daga nan masu tone-tone suka shiga kasuwannin gwanjo suna haƙo faifan da ba wanda ya sani: jerin Pebbles ya fara a 1978, Back from the Grave na Tim Warren a 1983. Duk wani yaro da ya kafa ƙungiya irin wannan bayan 1972, ta hannun waɗannan kundaye ya karɓi gadon. Ke nan abin da muke kira garage rock zaɓin masu tarawa ne. Sun ɗauki mafi zafi da mafi haukan cikin dubban faifai, sun bar masu sanyi da yawa waɗanda su ma yaran gareji ne suka yi su.

Baba Mai Garmaho: Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, kuma tana ƙara mini ƙarfi ne Malam. 'Yan baya hoton da aka tace suke kwaikwaya. Ka duba na shekarun 1980, Fuzztones da Chesterfield Kings: askin 1966, takalmin 1966, ogan Vox irin na 1966. Na ji su, sun iya, ba na raina su. Amma zuciyata ba ta motsawa.

Injiniya: A kan waɗannan biyun ba zan yi dogon musu da ku ba Baba. Amma kun tsallake Detroit, kuma Detroit ce ke rushe maganar taku. Can sarkar ba ta taɓa tsinkewa ba. MC5 sun fitar da Kick Out the Jams a 1969, a gaban jama'a aka naɗe shi. Stooges daga Ann Arbor, maƙwabciyarta, sun fito a shekarar, mawaƙinsu Iggy Pop kuwa ganga yake kaɗawa a ƙungiyar yaran sakandare kafin nan. 'Yan uwa uku baƙaƙen fata, gidan Hackney, sun kafa Death suka naɗi waƙoƙi a 1975 waɗanda duniya ba ta ji su sosai ba sai 2009. A 1986 Mick Collins, shi ma baƙar fata, ya kafa Gories da Dan Kroha da Peggy O'Neill: jita biyu, ganga, babu jitar bes, kuma da suka fara kusan ba wanda ya iya kayansa a cikinsu. Wannan ba askin 1966 ba ne, yara ne a birnin da masana'antun mota suka gudu suka bari, haya ta yi arha, ba aikin yi, suka ɗauki abin da ke kusa. Daga wannan yanayi na Detroit White Stripes suka fito a 1997. Mawaƙinsu Jack White aikin ɗinkin kujeru yake yi kafin kiɗa ya karɓe shi.

Ɗan Fagge: Yawwa, an zo kan mutanena. Injiniya, wai da gaske babu bes a waƙarsu "Seven Nation Army"? Ni na rantse bes nake ji a farkonta.

Injiniya: Babu. Jita ce Jack White ya bi da ita ta wani akwatin takawa, DigiTech Whammy, wanda ke saukar da sautin ƙasa har ya yi kauri irin na bes. Mutum biyu ne kawai, shi da Meg White a kan ganguna. Kundin, Elephant, a Toe Rag aka yi shi, wani ɗan situdiyo a gabashin Landan, a kan tef mai layi takwas da tsofaffin na'urori, kuma sun rubuta a jikin kwalin cewa ba a taɓa kwamfuta ba. Ni da nake wannan aiki kullum na san me layi takwas ke nufi. A kwamfuta ina iya ba mawaƙi layi ɗari, ya yi baiti ɗaya sau talatin, in yanko kalma daga nan in liƙa a can, in ja muryar ta hau daidai. A tef ba haka. In mai ganga ya yi saurin hannu a tsakiyar waƙa, ko ku haƙura da shi ko ku koma farko ku duka. Sai kowa ya kama kansa, jiki ya ɗau zafi, kuma wannan zafin yana shiga faifan. Mutane na zagin kiɗan Meg wai ya yi sauƙi da yawa. Ku saurari yadda take taka babbar ganga a waƙar nan, dum, dum, dum, ba ado ko ɗaya, ta bar wa jita fili. Da ƙwararren da ke son nuna hannu aka sa, da ya cika wurin da surutu ya kashe ta.

Baba Mai Garmaho: To ai ka faɗa da bakinka, zaɓa ya yi. Yana da kuɗin shiga kowane situdiyo a duniya ya tafi neman tsohon tef.

Injiniya: Ya zaɓa, Baba, amma bayan ya zaɓa ƙuncin na gaske ne. Tef ba ya sanin ko kana da kuɗi a banki.

'Yar Damagaram: Ni inda zan goyi bayan Baba shi ne kan Strokes. Is This It na 2001 kundi ne mai daɗi, ina sauraronsa har yau. Amma mawaƙinsu ɗan mai babban kamfanin 'yan tallan kaya ne, kuma shi da ɗaya daga masu jitar a makarantar kwana ta masu hannu da shuni a Suwizalan suka san juna. Jaridu ne suka haɗa su da White Stripes da Hives na Suwidin da Vines na Ostireliya suka ce ga farfaɗowar garage rock, don duk sun fito lokaci guda. A kiɗa Strokes sun fi kusa da Velvet Underground da Television na garinsu New York, komai nasu a lissafe yake. Hives kuwa, daga ɗan ƙaramin garin masana'anta Fagersta, su ne ka ji jinin Sonics a jikinsu.

Ɗan Zango: Yaya, talauci ne sharaɗin shiga ke nan? Yaran 1965 da yawa 'ya'yan masu rufin asiri ne fa. Gidan da ke da gareji da mota da kuɗin sayen jitar lantarki ba gidan matalauta ba ne. Count Five ma da "Psychotic Reaction" ta shiga biyar na sama a 1966, karatu suka zaɓa a kan yawon kiɗa.

'Yar Damagaram: Ban ce talauci ba ƙanena. Na ce a ji a kiɗan cewa abu na iya kuɓucewa a kowane lokaci. A Strokes ba na jin haka.

Hajiya Ummi: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata ɗaya, tunda yara na karanta zauren nan: me suke faɗa a waƙoƙin? Kada mu yi ta yabon abin da ba mu san cikinsa ba.

Malamin Tarihi: Tambaya ce mai kyau Hajiya. Mafi yawan na farkon kukan samari ne: budurwa ta yaudare ni, za ki yi kuka kamar yadda na yi, ku daina matsa mini. Amma akwai waɗanda suka shiga shaye-shaye har a waƙa, kuma ba su wanye lafiya ba. Roky Erickson na 13th Floor Elevators, mai ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi ƙarfi a zamanin, an kama shi da tabar wiwi a Texas a 1969, ya shafe shekaru a asibitin masu taɓin hankali na gwamnati, kuma ya daɗe bai dawo daidai ba. A cikin na baya ma akwai masu bakin da bai dace da yaro ba. Sai an zaɓa, kamar kowane kiɗa.

Hajiya Ummi: Na gode Malam. Mata fa, ban da Meg da Peggy da aka ambata?

'Yar Damagaram: Akwai su tun farko Hajiya. Pleasure Seekers a Detroit a 1965, 'yan mata zalla, cikinsu har da Suzi Quatro tana yarinya. A Japan akwai 5.6.7.8's. Yanzu kuma Amy Taylor ce ke jan Amyl and the Sniffers a Melbourne, waɗanda faifansu na farko a 2016 cikin awa 12 suka rubuta shi suka naɗe a gidan da suke haya.

Amma ni abin da nake so in jefo shi ne namu na nan. Baba na cewa yanayin da ya haifi abin ya wuce. A Amurka wataƙila. Ku zo Agadez lokacin biki ku gani. A shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareta, a jona ƙaramar ampilifaya da ta sha ƙura, a murɗe ta har ƙarshe sai lasifika na kuka, mai ganga na dukan kayan da aka ɗaure da waya. Etran de L'Aïr 'yan gida ɗaya ne da suka shekara suna wannan aiki a bukukuwa kafin waje ya san su. Mdou Moctar jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu daga katin ajiya zuwa katin ajiya. Ba na cewa garage rock suke yi, kiɗan Abzinawa ne mai tushensa daban. Amma 'yan can sun ji ɗan uwansu a ciki: Dan Auerbach na Black Keys shi ya shirya wa Bombino na Agadez kundin Nomad a 2013, Mdou kuma a Detroit ya naɗi Ilana na 2019.

Baba Mai Garmaho: 'Yata, wannan ban musa ba, kuma kin tuna mini da namu na Najeriya. Bayan yaƙin basasa yara sun ɗauki jita a Aba da Enugu da Legas: Funkees, Hykkers, Wings, BLO. Ofege 'yan makarantar St. Gregory's ne a Legas lokacin da suka fitar da Try and Love a 1973, kuma faifan ya shigo Arewa, mun saye shi, mun sa shi har allura ta cinye shi. Jitar cikinsa tana da wannan gurnani da Injiniya ke magana. A Zambiya ma akwai WITCH da Ngozi Family a shekarun nan. To ku lura, duk waɗanda kika kawo da waɗanda na kawo yara ne da ke yin kiɗan zamaninsu da kayan da suka samu. Ba su waiwaya baya suna neman wata shekara da ta wuce ba. Nan nake tsaye.

Injiniya: To Baba ku ba Ty Segall da John Dwyer na Osees dama kafin ku yanke. A San Francisco suka yi tashe, kundi bayan kundi, wani lokaci fiye da ɗaya a shekara, ba sa jira ya gyaru. King Gizzard na Ostireliya sun fitar da kundi biyar a 2017 kaɗai, ɗaya ma da jitar da aka ƙara wa ƙarafa a wuya don ta fitar da sautukan da ke tsakankanin na Turawa, irin na kiɗan Turkiyya. Wanda ke waiwayen 1966 ba zai yi haka ba. Su Black Keys kuma Thickfreakness na 2003 a ɗakin ƙarƙashin gidan mai gangarsu a Akron suka yi shi cikin awa 14, lokacin ba su da ko sisi.

Baba Mai Garmaho: Na Akron ɗin na san shi, kuma ina son sa. Na bayansa da suka yi kuɗi ne ban so. Turo mini na Dwyer ɗin guda biyu, waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a, ba na situdiyo ba.

Injiniya: Zan turo muku da daddare in sha Allah. Ku sa a babbar lasifika, ganguna biyu ne ke tafiya tare, a waya ba za ku rarrabe su ba.

Ɗan Fagge: Ni kuma da wanne zan fara a cikin tsofaffin? Sun yi yawa.

Malamin Tarihi: Here Are the Sonics tukuna, bai kai minti 30 ba. Sai Nuggets na 1972 daga farko zuwa ƙarshe a jere yadda Kaye ya tsara shi. In ka gama ka nemi Black Monk Time na Monks, tsofaffin sojojin Amurka da suka zauna a Jamus suka fitar da shi a 1966, har da banjo mai lantarki a ciki.

Ɗan Zango: Kar ka manta da Los Saicos.

Baba Mai Garmaho: Da Ofege. Ka fara da gefen farko na faifan.